Daga Maƙeran Gaya zuwa Editocin Titin Gidan Zoo: Wa Zai Tsaya wa Mai Haɗa Siddabarun Fim?

Bayan sallar isha'i, a rumfar mai cajin waya a Balan, ko a Kademi ta ƙasar Gaya, ko can Toranke ta ƙasar Ajingi, abin da za ka tarar kusan iri ɗaya ne. Ƙaramin janareto yana kuka a bayan rumfa, wayoyi a jere kan katako kowace da lambarta, samari biyar ko shida sun haɗa kawunansu a kan fuskar waya guda. A cikin wayar, boka ya doki ƙasa da sanda, hayaƙi ya turnuƙe, mutumin da ke durƙushe a gabansa ya ɓace ɓat. Sai ka ji an ɗauki salati, wani ya ce a mayar baya a sake gani. Tambayi kowane ɗaya daga cikinsu sunan wanda ya fito a boka, zai faɗa maka har da fina-finansa na baya. Tambaye shi wa ya tayar da hayaƙin, wa ya ɓatar da mutumin, sai a yi tsit. Sunansa yana can ƙarshen fim, cikin rubutun nan mai gudu da ba wanda ke tsayawa karantawa, in ma an tuna an sa shi.

A Kano ba kasafai ake kiran wannan mutum da wani suna na musamman ba. Edita ne kawai. Shi ke yanka fim ya jera, shi ke daidaita sauti, shi ke gyara launi, kuma idan labari ya zo da aljani ko gobara ko harbin bindiga, shi ɗin dai ake juyowa a kalla. A Amurka da Ingila da Indiya waɗannan sana'o'i ne daban-daban, kowace da mutanenta da farashinta. A nan an tattara su an ɗora wa mutum ɗaya, a kan kuɗi ɗaya.

Wanda bai taɓa zama kusa da mai wannan aiki ba zai ɗauka danna maɓalli ne. Ɓacewa ita ce mafi sauƙi: a kafe kyamara a kan ƙafafunta, a ɗauki mutum, a ce ya fita, a ɗauki wurin babu kowa, sai a haɗa biyun. Amma da mai ɗaukar hoto zai ɗan taɓa kyamarar, ko inuwar bishiya ta gusa tsakanin ɗaukar farko da ta biyu, ko akuya ta ratsa ta baya, to aiki ya dawo ɗanye. Daƙiƙa ɗaya ta fim hotuna 25 ce a tsarin da aka saba da shi a nan, fitowar daƙiƙa goma hotuna 250 ke nan. Idan ba a rataya koren ƙyalle a bayan jarumi ba, ko an rataya ya yamutse, ko jaruma ta zo da koren mayafi, sai edita ya bi hotunan yana zagaye jikin mutum da hannu: gefen hula, bakin mayafi, tsakanin yatsu.

Na taɓa kwana a wani ɗan ɗaki na aikin editin ina kallon wani matashi yana fama da fim ɗin da aka ce labarinsa ya faru shekara ɗari biyu da suka wuce. An je ƙauye an ɗauka don a samu ginin ƙasa da rumbu da dawaki. To amma ƙauyen yau ba na jiya ba ne. Ga rufin kwano yana ƙyalli a bayan fada, ga wayar lantarki ta ratsa sararin sama, ga ƙarfen sabis ya yi tsiri can nesa, ga agogo a hannun dogari. Babu wanda ya tsaya cire ko rufe komai a lokeshan, domin rana na faɗuwa, kuma akwai maganar nan da ta fi kowace saurin fita daga bakin mai gaggawa, wato za a gyara a wajen editin. Ya kwashe awa huɗu yana goge wayar lantarkin nan daga fitowar da ba ta kai rabin minti ba. Ya sa kwamfuta ta fara fitar da aikin, ta yi nisa, aka ɗauke wuta. Bai ce komai ba. Ya tashi ya ɗauki galan ya fita neman fetur wajen 'yan bumburutu, da kuɗin aljihunsa.

Jinga

Duk manomi a Balan ya san jinga. Kafin ɗan ƙwadago ya sunkuya, sai shi da mai gona sun zagaya sun ga iyaka, sun duba ƙarfin ciyawa, sannan a yanka kuɗi. In mai gona ya dawo da rana ya ce a haɗa da wancan ɓangaren na bayan kuka, kowa ya san sabon ciniki ne. Babu mai jin kunyar faɗa, babu mai jin haushin ji.

Aikin edita ma jinga ne, sai dai jingar da ba a zagaya gona. Ana yanka kuɗi kan fim guda ko kan kashi ɗaya na shiri mai dogon zango, tun kafin ya ga abin da aka ɗauko. A ba shi kafin alƙalami, a ce ciko sai fim ya fita. Daga nan darakta ya zo ya ce wutar ba ta yi ja sosai ba. Furodusa ya zo ya ce a mayar da ita yadda take. Wanda ya zuba kuɗi ya gani a waya ya ce a ƙara walƙiya. Kowane gyara kwana ne, kowane kwana fetur ne, kuɗin jinga kuwa yana nan inda aka yanka shi.

Wannan ciwo ba na Kano kaɗai ba ne, kuma shi ne ya kai manyan kamfanonin siddabarun fim na duniya ƙasa. A ranar 24 ga Fabrairun 2013 fim ɗin Life of Pi ya ci lambar Oscar ta siddabaru, saboda damisar nan da ta yi zaman kwalekwale da yaro a tsakiyar teku, wadda kusan duk fitowarta a kwamfuta aka ƙera ta. Kamfanin da ya ƙera ta, Rhythm & Hues, wanda aka kafa tun 1987, ya riga ya bayyana karyewarsa ƙasa da mako biyu kafin daren, ya sallami ma'aikata sama da 200. Fim ɗin kuwa ya tara fiye da dala miliyan 600. Ɗaruruwan masu sana'ar suka yi zanga-zanga a kusa da zauren bikin. Da jagoran aikin, Bill Westenhofer, ya hau dandamali ya fara ambaton halin da kamfanin ke ciki, sai aka tayar da kiɗa aka kashe masa makirufo. A kwanakin da suka biyo baya masu sana'ar a ƙasashe da dama suka mayar da hotunansu na Facebook da Twitter koren fili zalla, don su nuna wa duniya abin da zai rage a fim idan aka cire hannunsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya sa lamarin ya fi yi musu zafi shi ne, a Hollywood kusan kowa yana da ƙungiyar ƙwadago. Mai ɗaukar hoto, mai haske, mai kwalliya, mai ɗinkin kaya, har editan da ke yanka fim, suna ƙarƙashin IATSE, wadda aka kafa tun 1893. Direbobi suna da tasu. Masu siddabarun kwamfuta sun zo a makare, lokacin da aka riga aka gama rabon rumfuna, sai suka zauna a rana. A wurin ɗaukar fim ɗaya, wanda ke riƙe fitila yana da kuɗin aikin bayan lokaci da inshorar lafiya da fansho, na kusa da shi mai auna wurin da za a sa dodo ba shi da tabbacin ko ɗaya.

Sai a 2023 abin ya motsa. A shekarar marubutan fina-finan Amurka suka yi yajin aiki na kwana 148, 'yan wasa suka yi na kwana 118, kuma maganar ƙirƙirarriyar basira tana tsakiyar rigimar duka biyun. A watan Satumba ma'aikatan siddabaru na kamfanin Marvel suka kaɗa ƙuri'ar shiga IATSE, ƙuri'a 32, babu ko ɗaya da ta ce a'a. Na Walt Disney suka biyo baya a Oktoba da ƙuri'a 13, su ma baki ɗaya. A Janairun 2024 masu aikin fina-finan Avatar suka amince da ƙuri'a 57, aka samu 19 da suka ƙi. Sai a 2025 dukkan rukunonin uku suka amince da yarjejeniyoyinsu na farko, waɗanda suka kawo musu kuɗin aikin bayan lokaci da kula da lafiya da fansho. A lura da ƙanƙantar adadin. Mutum talatin da biyu ne suka buɗe ƙofar da aka yi shekaru ana cewa ba za ta buɗu ba.

Sai dai kada a ɗauka ƙungiya ta warkar da komai. A Fabrairun 2025 kamfanin Technicolor, uwar MPC da ya yi aikin The Lion King na 2019 da Mufasa na 2024, ya durƙushe cikin 'yan kwanaki, dubban ma'aikata a Amurka da Ingila da Kanada da Indiya suka wayi gari babu aiki. Ƙungiya tana iya gyara yadda ake biyan ma'aikaci. Ba ta iya hana mai fim ɗaukar aikinsa ya kai inda ya fi araha.

Ai muna da ƙungiya

Idan ka ɗaga wannan magana a Titin Gidan Zoo, matattarar 'yan fim a Kano, amsar farko da za ka ji ita ce ai akwai ƙungiya. Gaskiya ne, akwai. Amma sai a duba abin da ya haife ta.

Sana'ar fim ɗin bidiyo ta Hausa ta soma da Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990. A 1999 Sunusi Shehu Daneji ya raɗa mata suna Kannywood a mujallar Tauraruwa, a shekarar kuma Ibrahim Sheme ya fara fitar da mujallar Fim. A ƙarshen 2000, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim. A cikin wannan tsaka mai wuya ƙungiyar 'yan fim ta MOPPAN ta tsaya da ƙafafunta, ƙarƙashin jagorancin Abdulkarim Mohammed, ta zauna da gwamnati har aka samar da Hukumar Tace Fina-finai a 2001, aka ci gaba da aiki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk mai cin abinci a masana'antar yau yana cin albarkacinsa.

Aka sake shiga wani ƙuncin a 2007, lokacin da hukumar, ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta tsayar da ɗaukar fim na wata shida. Aka ɗaure Adam A. Zango a shekarar, aka ɗaure Rabilu Musa Ibro da Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a 2008. Da yawa suka kwashe kayansu suka koma Kaduna da Jos. Jarumi yana iya shiga mota ya tafi lokeshan a wata jiha. Edita kuwa yana zaune ne da kwamfutarsa a shago mai lamba, don haka idan aka fito samame shi ake fara tararwa.

Wato ƙungiyoyin Kannywood an gina su ne suna fuskantar gwamnati: rajista, lasisi, tace fim, ladabtarwa. Abin da jama'a suka fi tunawa da MOPPAN shi ne irin hukuncin korar Rahama Sadau a Oktoban 2016. A ƙarƙashin inuwarta akwai furodusoshi da daraktoci da 'yan wasa da marubuta da masu ɗaukar hoto da editoci. Ranar da hukuma ta taso, wannan haɗin ƙarfi ne. Amma ranar da edita ke bin furodusa cikon kuɗinsa wata takwas, mai bin bashi da wanda ake bi 'yan gida ɗaya ne, kuma kowa ya san wanda muryarsa ta fi kauri a gidan. Ko da an zauna sulhu, yaron yana sane da cewa mutanen da ke zaune a gabansa su ne za su ba shi aikin gobe ko su hana shi. Sai ya ce ya yafe. A zuciyarsa bai yafe ba, tsoro ne ya rufe masa baki.

A 2023 shugaban hukumar tace fina-finai, Abba El-Mustapha, ya soke lasisin 'yan masana'antar ya ce kowa ya sake rajista. A Mayun 2025 hukumar ta dakatar da shirye-shirye masu dogon zango 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, kan batun kawo su a tace kafin a saki. Ba ina nan don in yanke hukunci kan wa ke da gaskiya a waccan rigima ba. Abin da ya dame ni shi ne wanda ake biya kashi-kashi. Duk makon da shiri bai fita ba, babu abin da zai kai gida, kuma babu teburin da aka ajiye masa kujera a tattaunawar.

Abin da Gaya ta sani

Mutanen Gaya ba baƙin tsarin sana'a ba ne. Tarihin baka da Kanawa suka riƙe yana cewa wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya yana neman tama, ya sauka a gindin Dala, kuma Abagayawa, maƙeran birni, suna danganta kansu da shi. Birnin da yau ake yin fim a cikinsa, a wannan ruwaya, masu sana'ar hannu daga wannan yanki ne suka fara hura masa wuta.

Kuma maƙera ba su taɓa zama kara zube ba. Akwai Sarkin Maƙera, kamar yadda mahauta ke da Sarkin Pawa, wanzamai ke da Sarkin Aska. Wannan sarauta fuska biyu gare ta. Ɗaya tana kallon fada: tara haraji, raba aikin sarki, kai umarni ƙasa. Ɗayar tana kallon 'yan sana'a: raba gardama, sanin wa ya koya a wurin wa, tsawatar wa wanda ya ɓata sunan sana'a da aikin ha'inci, da tsayawa a kan wanda aka zalunta. Har yau a kasuwannin ƙauye, mahauci ba ya shiga cinikin da ɗan'uwansa ya fara. Dillalan shanu sun san mai cinye kuɗin mutane, kuma labarinsa yana riga shi isa kasuwa ta gaba.

Kannywood ta gaji fuskar farko sosai. Fuska ta biyu ce ta yi rauni a ɓangaren masu aikin kwamfuta. Abin da ke faruwa ke nan: furodusa ya riƙe cikon edita, edita ya riƙe fim, sai furodusa ya kwashi hotunan da ke hannunsa ya haye titi ya kai wa wani, wanda zai karɓa a rabin kuɗi yana murna ya samu babban aiki. Da mahauta ne, na biyun ba zai taɓa naman ba sai ya aika an tambayi na farko. Wannan ɗabi'a guda ɗaya, in editoci suka riƙe ta, ta fi kowace takardar rajista ƙarfi.

Don haka amsata ga tambayar ko editoci su kafa ƙungiyarsu ita ce e, su haɗu, kuma su haɗu su kaɗai, ba tare da masu ba su aiki a cikin ɗakin ba. Hakan ba fita daga MOPPAN ba ne, kuma ba gaba da furodusoshi ba ne. Ɗan ƙwadago da mai gona suna sallah a sahu ɗaya, amma ba mai gona ke faɗa wa 'yan ƙwadago nawa za su nema ba.

Inda gizo ke saƙa

Akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne.

Mafi nauyi ita ce furodusan kansa ba shi da shi. Kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai, wadda ta riƙe masana'antar shekaru, ta mutu a hannun satar fasaha da masu tura fina-finai a waya. Arewa24 ta zo a 2014 ta buɗe wata ƙofa, sannan daga 2020 shirye-shirye irin su Izzar So suka nuna cewa YouTube ma kasuwa ce. Amma YouTube ba ta fara biya sai tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, tana riƙe kashi 45 cikin ɗari na kuɗin talla, kuma tallan da ake nuna wa mai kallo a Najeriya ba ya kawo abin da na Turai ke kawowa. Samarin rumfar caji a Balan kuwa, yawanci ba a YouTube suka kalla ba, tura musu aka yi, ko sisi bai koma ga mai fim ba. Wannan duk gaskiya ne. Sai dai rashin kuɗi bai hana a faɗi gaskiyar abin da za a iya biya tun farko ba, bai kuma hana a rubuta ba. Mai ƙaramin ƙarfi sai ya rage aljanun da ke cikin labarinsa, ya ɗauki fitowa uku maimakon goma sha biyar. Kuma tsadar da ta sami furodusa ta sami edita ninki. Litar fetur da farashinta na gwamnati bai kai naira 200 ba a farkon 2023 ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. A Oktoban 2024 Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Kwamfuta da manhajojin Adobe da dala ake sayensu.

Doka ma ba ta shimfiɗa musu tabarma ba. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin kafa ko shiga ƙungiyar ƙwadago. Amma dokar ƙungiyoyin ƙwadago tana neman aƙalla mutum 50 kafin a yi wa ƙungiyar ma'aikata rajista, kuma ana iya ƙin yi idan an ga akwai wata da ta riga ta rufe fannin. Ga RATTAWU nan ta ma'aikatan rediyo da talabijin da wasan kwaikwayo, wadda ƙarfinta yana wajen masu albashi a gidajen gwamnati. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, wanda Kano ta ɗaga zuwa 71,000, bai shafi wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba, bai kuma shafi wanda ake biya gwargwadon aikin da ya yi ba. Kusan duk editan Kannywood ya faɗa cikin ɗayan biyun nan. Shi ya sa kwafo tsarin Amurka kai tsaye ba zai yi ba. Can ma'aikata ne a ƙarƙashin kamfani ɗaya, ana kaɗa ƙuri'a, hukuma ta tilasta wa kamfanin zama da su. Nan mutane ne warwatse, kowa da kwamfutarsa, yau yana yi wa wannan gobe yana yi wa wancan, wani ma da safe edita ne da yamma furodusan kansa. Abin da ya fi dacewa da su ya fi kama da ƙungiyar masu sana'a haɗe da ta gama-kai, wadda mutum goma ma sun isa su yi mata rajista, su fara adashi, su sayi sola da batura tare.

Sai tsoron da kowa ya sani, cewa ƙungiya a ƙasar nan takan zama teburin karɓar kuɗin kati, shugabanni su yi kane-kane, lokacin zaɓe a kai su gidan gwamnati a ɗauki hoto. Wannan tsoro yana da tushe, kuma ba ni da maganinsa sai abin da aka sani: wa'adi gajere, lissafi a fili, kuma kada wanda ya daina taɓa kwamfuta ya shugabanci masu kwana a gabanta.

Ƙirƙirarriyar basira kuma ta iso. Goge wayar lantarkin da ya ci wa matashin can awa huɗu, manhajojin yanzu suna rage shi sosai. Wasu na ganin wannan ya kashe maganar ƙungiya tun ba a fara ba. Ni a ganina ya ƙara mata gaggawa ne. Idan aiki ya yi sauri, wa zai ci ribar saurin? In babu murya ɗaya, furodusa zai ce ai yanzu inji ke yi, ya raba kuɗin biyu, alhali har yanzu sai mai ido ya zauna ya duba inda injin ya cinye wa jaruma yatsa ko ya karkatar da rawanin sarki. 'Yan wasan Amurka sun fita daga yajin aikinsu da sharaɗin cewa ba za a ƙera surar mutum a kwamfuta ba sai da izininsa da biyansa. Ba da roƙo suka samu ba.

Abubuwan da irin wannan ƙungiya za ta fara da su ba su da yawa. Takarda shafi ɗaya da Hausa, wadda za a cike kafin a kunna kwamfuta: fitowa nawa ke buƙatar siddabaru, gyara sau nawa ke cikin kuɗin, nawa ne na ƙari, wa zai sayi fetur, yaushe za a biya ciko. A raba kuɗin yanka fim da kuɗin siddabaru, domin aiki biyu ne. A kira mai siddabaru lokeshan ranar da za a ɗauki fitowarsa, ya ce a sauke agogon nan, a miƙar da ƙyallen nan, wanda zai rage wa kowa asara har da furodusa. A sa sunansa a fim, a rubuta daidai. Sannan littafi guda na waɗanda suka riƙe haƙƙin mutane, wanda ba za a sa sunan kowa a ciki ba sai an ji ta bakinsa.

Duk wannan zai rushe idan ƙungiyar ta tsaya a cikin birni. A 2019 duniya ta ga wasu matasa 'yan'uwan juna a Kaduna, The Critics Company, suna haɗa fina-finan almarar kimiyya da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle, da abin da suka koya a intanet. A 2020 J.J. Abrams, wanda ya ba da umarnin fina-finan Star Wars biyu, ya aiko musu da kayan aiki. Manhajar Blender kyauta ce, kuma da ita aka yi Flow, fim ɗin ƙasar Latbiya da ya ci Oscar a Maris ɗin 2025. DaVinci Resolve tana da ta kyauta. CapCut da KineMaster suna cikin wayoyin samarin da ke haɗa bidiyon biki da na saukar Alƙur'ani da na 'yan takara a Gaya da Ajingi da Albasu, da ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha da ke Wudil. Cikin waɗanda suka ce a mayar baya a sake gani a rumfar caji, akwai wanda ba mamaki yake yi ba, so yake ya gane yadda aka yi. Bayan shekara biyu shi ne zai karɓi aikin ta WhatsApp a kashi ɗaya cikin uku na farashi, ba don mugunta ba, don bai san farashin ba kuma babu wanda ya taɓa faɗa masa.

Idan 'yan birni suka ɗauke shi abokin gaba suka rufe masa ƙofa da jarrabawa da takardun makaranta, sun ba masu neman araha runduna a kyauta. Gara su neme shi tun yanzu, su koya masa yadda ake haska koren ƙyalle, su tura masa takardar yarjejeniyar da jerin farashin a waya. Kuɗin shiga kada ya wuce abin da zai samu a haɗa bidiyon biki ɗaya, kuma a bar shi ya biya ya yi magana daga inda yake, domin daga ƙasar Gaya zuwa Titin Gidan Zoo sai an haye gadar Wudil, kuma kuɗin motar zuwa da dawowa kaɗai ya isa ya hana shi halartar taro.